Akwatin da Daeng Lurang Ya Hana a Kashe

Duk wanda ya taɓa aiki a ofishinmu na tikitin jirgin ruwa da ke bakin tashar Makassar ya san Daeng Lurang (Daeng a wajenmu kamar Malam ne ko Malama), kuma in ya ce maka yana ƙaunarsa, ƙarya yake yi. Ni Kanang shekara goma sha huɗu na yi da shi a kamfani ɗaya. Ni ce shugabar masu sayar da tikiti, shi kuwa wai injiniya. Wai fa na ce. Takarda ɗaya tak mutumin nan ya taɓa mallaka a duniya, ita ce lasin tuƙi.

Ɗan Takalar ne, ubansa mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya shigo birni yana ɗan shekara ashirin, ya yi kwandastan motar haya, ya yi jan wayar tarho a kan falwaya, daga baya kamfaninmu ya ɗauke shi direba. A lokacin mutum ne kamar kowa. Yakan gaishe mu, yakan sayo mana gasasshiyar ayaba in an aike shi, har dariya yana yi. Abin da ya lalata shi wata 'yar waya ce wadda tsawonta bai kai ƙafa shida ba.

A shekarar dubu biyu da uku kamfani ya sayo wani baƙin akwati na ƙarfe, 'yan sana'ar suna ce masa rauta, mu kuwa akwati kawai muke cewa. Shi ne ke haɗa kwamfutocinmu da na rassanmu na Selayar da Baubau da Bima, ta yadda kujerar da na sayar a nan ba za a sake sayar da ita a can ba. An ɗauko wani mutum daga Surabaya ya kafa shi, Daeng Lurang ne ya tuƙa shi tsawon mako uku. Yana riƙe masa jaka, yana tsaye a bayansa yana leƙe, ba ya ko ƙifta ido. Akwatin ba shi da allo, ba shi da madannai. Bebe ne, kuma kurma. In kana son yi masa magana sai ka sa wata shuɗiyar waya mai faɗi, siriyal ake ce mata, kai ɗaya a bayansa, ɗaya kan mai ramuka tara ka ɗaure shi da kusoshi biyu a jikin kwamfuta. Sai baƙin allo ya fito, ka rubuta, ya ba ka amsa. Ranar da mutumin Surabaya zai koma ya manta wayarsa a ƙarƙashin kujerar mota. Direbanmu ya tsinta, bai mayar ba.

Bayan wata biyar layin Selayar ya ɗauke. Manajan lokacin har ya fara neman jirgin saman da zai dawo da mutumin Surabaya, sai ga direba yana sosa ƙeya, da wata tsohuwar laftof da ya sayo a wajen 'yan gwanjo, wai a bar shi ya gwada. Muka yi ta dariya. Ya sa wayar, ya yi ta danne-danne da yatsa biyu, zufa na ɗiga a kan madannai, kafin la'asar Selayar ta dawo. Gaskiya ɗaya zan faɗa ko da ba na so: kan mutumin yana ja. Abin da ya gani sau ɗaya ya zauna.

Daga ranar bai sake taɓa sitiyari ba. Ya sayi riga mai aljihu ya jera biro uku, alhali ban taɓa ganin ya rubuta komai ba. Aka ba shi ɗakin ƙarƙashin bene, aka sa masa na'urar sanyaya ɗaki, wai don akwati. Mu kuma muna can gaban taga muna narkewa da fanka ɗaya mai kuka. Gaisuwa ta tsaya. Ayaba ta tsaya. In layin Baubau ya ɗauke, fasinjoji suka taru suna zagin iyayena ta taga, sai na je na ƙwanƙwasa masa ƙofa.

"Daeng, Baubau ta tafi."

"Na sani."

"To tunda ka sani fa?"

"Ƙanwata, ke kin ɗauka shinkafa ce da za a ɗora a sauke? Je ki, ina tunani."

Tunanin nan kofi ne da sigari. Sai ya gama tsaf zai wanke hannu, ya warware wayar daga wuyansa, don a wuya yake rataye ta har masallaci, ya ɗaure kusoshin nan biyu a hankali kamar mai sa wa jaririya 'yan kunne, ya ce kowa ya ja da baya. Aikin minti biyu ne, amma sai ya ja shi awa guda. Mu kuma wawaye muna tsaye muna ta "sannu Daeng, Allah ya ƙara basira."

Shi ya fi kowa sanin cewa ba shi da takarda, kuma ranar da mai takarda ya shiga akwatin nan, shi ya koma direba. Wannan tsoron ne ya yi ta gina wa katanga. Da farko ya sauya saurin da akwatin ke magana da shi ta waya. Kowane mai sana'a ya san saurin da aka saba, shi sai ya mayar da nasa wani daban. Duk baƙon da ya sa tasa wayar ba zai ga komai ba sai tarkacen alamomi kamar kaza ta bi ta kan tawada. Sannan ga kalmar sirri, wadda ko manaja bai sani ba.

Amma babbar mugunta ita ce ta uku, kuma da bakinsa ya gaya mini, wata rana muna shan farfesun naman da muke ce wa coto a bayan ofis, cika baki ya ɗebe shi.

"Kin san akwatin nan ƙwaƙwalwa biyu gare shi?" in ji shi. "Ɗaya tana riƙe abin da ka gaya masa muddin akwai wuta. Da wuta ta ɗauke, shi ke nan, ya manta ko sunansa. Ɗayar kuwa ma'aji ce, kalma biyu za ka rubuta ya kwashe komai ya adana a ciki."

"To sai me?"

"Duk ɗan iskan da ya san aikin, in yana da waya irin tawa, zai kashe akwatin ya kunna, ya danna wani maɓalli yana cikin farkawa, ya shige ta bayan kalmar sirrina ya karanta duk abin da ke ma'ajin." Ya tsotsi ƙashi ya ajiye. "Shi ya sa na share ma'ajin tas. Ban sake adana ko harafi ba."

Na ajiye cokali. "Daeng, kana nufin in aka ɗauke wuta…"

"Ba za a ɗauke ba."

"A Makassar? Ba za a ɗauke wuta ba? Kai, Allah ya shirye ka!"

Ya yi murmushi irin na wanda ya ci riba. Abin da ya yi ke nan, ya mayar da akwatin kamfani garkuwa. Wanda ya kashe shi don ya shiga, fanko zai tarar. Na so in kai ƙara, amma wa zan kai wa? Manajan lokacin tsoron kwamfuta yake kamar maciji.

Shekara tara akwatin nan bai mutu ba ko na daƙiƙa. Ya sa aka sayo batiran manyan motoci aka jera a ƙarƙashin tebur, ya sa aka sayo ƙaramin janareta na ɗakinsa shi kaɗai. Ya manna takarda a ƙofa da jan fenti: KADA A KASHE. An taɓa turo wani injiniya daga Jakarta, da jakarsa mai kyau da turarensa. Ya sa waya ya ga tarkace, ya ce bari ya kashe ya kunna. Daeng Lurang ya naɗe hannu a ƙirji ya ce, "Bismilla, yallaɓai, kashe. Amma ka fara sa hannu a takarda cewa in jirage uku suka kwana ba tikiti, kai ne." Mutumin ya naɗe wayarsa ya bi jirgin yamma.

Abin da ba zan yafe masa ba shi ne na Mak Sunggu, tsohuwar da ke mana shara tun kafin a ɗauke ni aiki. Wata rana ta tarar da ƙofarsa a buɗe, ta ga ƙura ta yi kauri, ta shiga da tsintsiya don alheri. Tsintsiyar ta taɓa wayar wuta. Taɓawa kawai, ko motsi wayar ba ta yi ba. Ya fito yana ihu har titi, ya kira ta jaka a gaban fasinjoji, ya ce ko ita ko shi. Aka sallame ta a ranar. Ta ɗaure 'yan komatsanta a zane ta fita tana ba mu haƙuri, ita ke ba mu haƙuri fa.

Shi ma kuma bai ci daɗin abin ba, in daɗi ne. Shekara tara bai kwana a wajen Makassar ba. 'Yarsa ta yi aure a Balikpapan, ƙaninsa ne ya je ya tsaya a madadinsa. Ranar da mahaifiyarsa ta rasu a Takalar hadari ya haɗu, ana sauke ta a kabari ya hau babur ya juyo, don kada janareta ya ƙi tashi ba ya nan. Mutanen garinsu har yau suna maganar. Shi kuwa a masallacin tasha sai ya riƙa faɗa da alfahari, wai ka ga riƙon amana.

Sai shekarar dubu biyu da goma sha uku, hukuma ta ce za a faɗaɗa titin tasha, gininmu yana cikin waɗanda za a rushe. Aka kama mana sabon gini a tsallake, tafiyar da ba ta fi taku ɗari huɗu ba. Wa'adin kuma ya faɗo a mafi munin lokaci, cikin azumi, saura kwana goma Sallah, lokacin da duk wani ɗan tsibiri da ke birni yake neman tikitin komawa gida. Muna da sabon manaja, Pak Tandi (Pak kamar Yallaɓai ne), mutumin Toraja mai magana a hankali, wanda ba ya tsoron kwamfuta kuma ba ya tsoron Daeng Lurang. Ya ɗauko wata injiniya daga Surabaya, Bu Ratri (Bu kuma kamar Madam), mace mai kamar shekara arba'in da biyar, da gilashi da takalmin roba, ba ta da hayaniya.

Muka taru a ɗakin ƙarƙashin bene. Bu Ratri ta fito da tata wayar, irin tasa sak, ta sa. Tarkace ya fito. Daeng Lurang ya kalle ni ya kashe ido. Ita kuwa ko a jikinta, ta sauya sauri, ta sake sauyawa, a na uku rubutu ya fito sarai yana neman kalmar sirri.

"Wa ya mayar da shi wannan saurin?" ta tambaya.

"Tsaro ne, Bu."

"Ayyo." Ta gyara gilashi. "To Daeng, abu mai sauƙi. Ka shiga ka rubuta kalma biyun nan ya adana. Gobe mu kashe shi, mu sa a kwali, mu tsallaka, mu kunna. Minti goma."

"Ba a yi masa haka."

"Haka ake yi wa kowane irinsa a duniya."

"Wannan ba kowane ba ne, Bu. Ni na san halinsa."

Pak Tandi ya tambaye ta ko za ta iya sake gina abin da ke ciki in ya ɓace. Ta ce za ta iya, amma ba ta san me aka cusa masa a shekara tara ba, yana iya zama yini, yana iya zama mako. Mako ba tikiti, ana saura kwana goma Sallah! Pak Tandi ya juya ya ce, "Daeng, yi yadda ka ga dama gobe. Bayan Sallah za mu zauna ni da kai." Kowa a ɗakin ya fahimci zaman. Shi ma ya fahimta. Amma a lissafinsa, in ya tsallakar da akwatin da ransa, to har yanzu shi kaɗai ke da mabuɗi, kuma ba mai korar mai mabuɗi.

Washegari da hantsi muka rufe tagogi, muka ce wa fasinjoji su koma sabon gini su jira. Layi ya miƙe tun daga ƙofarsa har bakin titi, mutane da buhuna da kwalaye da yara, rana na dukansu, ga azumi. Sai ga abin kallo ya fito daga tsohon gini.

Keken haya ne mai ƙafa uku, irin wanda fasinja ke zama a gaba. A kan kujerar an shimfiɗa katifar jariri, a kan katifar akwati, fitilunsa na ƙiftawa. A wurin ajiye ƙafa batir biyu da na'urar da ke juya wutarsu. An cire masa duk wayoyin rassa, saura ta wuta da shuɗiyar nan, wadda ya naɗe da salatif a bayan akwatin har zagaye biyar, ɗaya kan kuma ya ɗaure kusoshinsa tamau a laftof. Laftof ɗin tana kan faranti da ya rataya a wuya da igiya, kamar mai tallan sigari. Matarsa, Daeng Ngai, baiwar Allah mai sayar da soye-soye a ƙofar makaranta, ya sa ta rufe sana'arta ta zo ta riƙe lema. Ba a kansa ba, ba a kanta ba, a kan akwati. Mai keken, wani tsoho, an hana shi hawa, turawa yake da hannu.

"A hankali, Baba! Akwai rami! Na ce a hankali, ba kifi ka ɗauko ba!"

Kowane taku biyar sai ya danna maɓalli, akwatin ya amsa a allo, ya ɗaga murya ya ce, "Yana nan!"

'Yan layi suka samu abin rage yunwa.

"Kai jama'a, gawar wa aka ɗauko?"

"Ba gawa ba ce, ba ka ga ana ƙara masa ruwa ba? Asibiti za a kai shi."

"Amarya ce, ga lema! Daeng, ina dangin ango?"

"Dalla ku yi sauri da amaryarku, mu jirgi zai tafi ya bar mu!"

Ni ina tafe a gefensa, kunya kamar ƙasa ta tsage. Na duba allon, ga shi a buɗe, ya riga ya shiga, yatsunsa na kan madannai. Na rage murya.

"Daeng, don girman Allah, rubuta. Yanzu, ba mai gani. In mun isa lafiya ka sake sharewa, ni ban gani ba, ban ji ba. Dubi mutanen nan."

Bai kalle ni ba. "Da na rubuta, matar nan za ta ce a kashe a kunna don gwaji. Kin san za ta ce."

"To ta ce mana! Sai me?"

"Kanang, shekarata hamsin da uku. Idona ba ya ganin titi sosai. Wace mota zan tuƙa?" Ya danna maɓalli. "Yana nan!"

Wallahi a wannan lokacin na ɗan ji tausayinsa. Sai na tuna Mak Sunggu da ƙunshin zanenta, abin ya wuce.

Kuma ya isa fa. Ya tsallake ramuka, ya tsallake kwalbati, ya tsallake titin da manyan motoci ke bi, ya kawo akwatin har gindin matakalar sabon gini da fitilunsa a kunne. Wasu 'yan layi har tafi suka yi masa, na iskanci, shi kuma ya ɗauka na gaske ne. Pak Tandi da Bu Ratri suna tsaye a saman matakala. Da mutum ne mai hankali, sai ya yi shiru a kama masa a shigar da kaya. Ina! Sai ya cire igiyar daga wuya, ya ɗaga laftof sama da hannu biyu, ya taka matakala ɗaya don Pak Tandi ya ga allon da idonsa.

"Pak, duba! Shekara tara da wata biyu, ga shi a rubuce, bai taɓa…"

Shuɗiyar wayar ta miƙe. Da bai ɗaure ta tamau ba, da ita ce za ta fita, ba abin da zai faru. Amma salatif zagaye biyar da kusoshi biyu ba su saki ba. Akwatin ne ya biyo ta, ya zame gaba a kan katifa kamar faɗin tafin hannu. Wayar wuta kuwa, wadda ba wanda ya tuna ya ɗaure, ta zare ta faɗi a ƙasan keke.

Ƙarar 'yar fankar da ke cikinsa ta tsaya. Ban taɓa sanin ina jin ƙarar nan ba sai da ta tsaya.

"Innalillahi," in ji Daeng Ngai, lemar na nan a hannunta.

Daeng Lurang ya yi tsalle ya mayar da wayar. Fitilu suka dawo, rubutu ya yi ta gudu a allo, sannan ya tsaya a kan tambaya ɗaya, irin wadda sabon akwati ke yi ranar da aka fito da shi daga kwali: ko ana so a fara tsara shi daga farko.

Aka shigar da shi ciki aka ɗora a tebur, aka mayar da wayoyin rassa. Pak Tandi ya ce, "To Daeng, kai ka san halinsa. Bismilla." Daeng Lurang ya zauna. Ya rubuta layi uku, ya goge biyu. Ya rufe ido yana motsa baki. Lambar Selayar ta gauraye masa da ta Bima. Abin da ya toshe a shekarar farko, da wanda ya liƙa a ta biyar, da wanda ya kwaikwaya a wajen mutumin Surabaya ba tare da ya san ma'anarsa ba, duk a akwatin suke zaune, ba a kansa ba. Don kada wani ya sace, ko a bayan kwalin sigari bai taɓa rubuta su ba. Awa guda ta wuce. A waje an fara dukan taga.

Bu Ratri ta matso. "Daeng, ara mini kujerar. Bar wayarka a ɗaure, da ita zan yi."

Ya tashi kamar wanda aka zare wa laka. Ta ce in kira mata rassa ɗaya bayan ɗaya a tarho. Kowane reshe ta sa magatakarda ya karanto mata lambobin da ke manne a jikin nasu akwatin, ta nemi takardar kamfanin tarho a fayil ɗin manaja, ta riƙa rubutu ba sauri ba nawa. Ina kallon agogon bango, don ni za a zaga in an buɗe taga. Minti talatin da biyar. Na leƙa allon, duk abin bai cika shafi biyu ba.

"Shi ke nan?" na ce.

"Layi arba'in da ɗaya," ta ce. "Saura in buɗe hanyoyin."

Layi arba'in da ɗaya, jama'a! A kansu aka kori tsohuwa, a kansu mutum ya bar kabarin uwarsa ba a gama rufewa ba, a kansu na yi shekara tara ina cewa Allah ya ƙara basira.

Pak Tandi ya fita lallashin fasinjoji, muka rage mu uku. Sai Daeng Lurang ya durƙusa a gefen kujerarta. Mutumin da ko manaja ba ya tashi wa tsaye, ya durƙusa a kan tayil.

"Bu," ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba. "Ba na ce kada ki buɗe ba. Amma ki ɗan jira. Ko zuwa la'asar. Ki zauna kamar kina fama. Matata tana waje, Bu."

Bu Ratri ta cire gilashi ta dube shi, kuma na ga ta ji tausayinsa. Sannan ta dubi taga, inda wata mata ke fifita wa jaririnta da kwali a tsakiyar rana.

"Yi haƙuri, Daeng," ta ce, ta danna.

Firintar taga ta farko ta fara kuka, ta biyu ta karɓa. A waje aka ɗauki sowa. Kafin Bu Ratri ta tashi ta rubuta kalma biyun nan, ta kwance kusoshin da kanta, ta naɗe wayar ta miƙa masa da hannu biyu.

Zaman bayan Sallah bai ɗauki lokaci ba. Pak Tandi bai kore shi ba, mukullin mota ya ajiye masa a tebur. Daeng Lurang ya dubi mukullin, ya ce ya gode, ya fita, bai sake dawowa ba. Yanzu yana gyaran fanka da tukunyar dafa shinkafa a wata rumfa kusa da shagon kofin da ke bayan tasha, kuma an ce yana da hannu.

Watannin baya na shiga shagon sayen kofi, na tarar da shi a tsakiyar 'yan dako da direbobi, ya rame, gashinsa ya yi fari fat, yana ba da labari da hannu da ƙafa. Wai aka ɗauko babbar injiniya daga Surabaya, ta yi kwana uku ba ta runtsa ba kafin ta gano rabin abin da ya gina. Wani direba ya ce ƙarya ne, shi ya ji ba haka ba. Sai idon Daeng Lurang ya faɗo kaina.

"Yawwa, ga Kanang, a gabanta aka yi. Ƙanwata, gaya musu. Kwana nawa matar nan ta yi?"

Duk suka juyo. Ni da na kalli agogo, ni da na yi shekaru ina jiran ranar da za a tambaye ni a gaban mutane. Yana murmushi, amma idonsa roƙona yake yi.

"Uku," na ce.

Na karɓi kofina na fita ban sake kallonsa ba. Haushin kaina ya hana ni cin abinci ranar.